Wanda Ya Kai Ƙuduji Gandu

Tun kuna ƙanana kuke jin ana cewa Baffa Iro ne ya yi wa gandunmu jifa, ƙuduji ya cinye shi, shi ya sa mu da gidansa ba ma zuwa sunan juna, sai gaisuwar mutuwa. Na ji maganar nan a bakin matan gida, na ji ta a bakin jikoki, har kwanan baya na ji wata 'yar ficiciyar yarinya da ko ƙuduji ba ta taɓa gani ba tana ba ƙawarta labarin a tsakar gida kamar a gabanta aka yi. To ku buɗe kunnuwanku. Baffa Iro bai jefi kowa ba. Ni Garba, ubanku, ni na kai ƙuduji gandu, a bayan jakina, da hannuna na zuba shi. Na taɓa faɗin haka a gaban waɗanda ya kamata su ji, amma duk sun rasu, ƙaryar kuwa ta ƙi binsu. Shi ya sa na ce a miƙo mini tawada da takarda tun idona yana gani.

Dukawuya ba haka take a cushe ba a lokacin. Ku da kuka tashi kuka tarar gida na jingine da gida ba za ku yarda ba, amma daga bayan katangarmu har jikin ganuwa gonaki ne, dawa da gero da rama, mutum ya yi nomansa ya girbe bai fita ƙofar gari ba. Kakanmu ya bar gona ɗaya babba a wurin, 'ya'yansa maza biyu suka raba. Baba, wato Malam Habu mahaifina, shi ne babba, sai ƙanensa Baffa Iro, uwa ɗaya uba ɗaya. Aka shuka layin gamba a tsakani ya zama iyaka. A wajen rabon, ɓangaren da ke da gawo uku ya faɗo wa Baba, kowa kuwa ya san ƙasar gindin gawo ba ta gajiya. Baffa bai yi gardama ba, sai dai wata rana cikin raha ya ce ai Yaya ya shanye romo ya bar masa ƙashi. Aka yi dariya aka wuce. Goggo Dije ce kaɗai ba ta wuce ba. Ita ƙanwarsu ce, aurenta ya mutu tana zaune a gidanmu, ta ƙulle maganar a bakin zane ta ajiye.

Baba mutum ne mai gaskiya da zafin rai, in ya ɗauki hanya ba ya waiwaye. Baffa kuwa sanyi gare shi da son wasa, ko ransa ya ɓaci ba ka gani a fuska. Gidansa na jikin namu. Kullum bayan magariba akushinsa yakan zo zauren Baba, a haɗa da namu, su sa hannu a kwano ɗaya suna musu a kan wanda zai riga wani gama noman firi. Tun da na yi wayo haka na gan su, ban taɓa tunanin akwai abin da zai ɗauke akushin nan daga zauren ba.

Ni kuwa Allah ya yi ni da ƙafar yawo. Ba rago ba ne, kada wani ya ce muku haka, in na kama fartanya sai an ce mini ya isa. Zama wuri ɗaya ne ba na iyawa. Ina kan wannan kunya hankalina yana kan waccan, ina gona zuciyata tana kasuwa. Ga shi lokacin jirgin ƙasa bai daɗe da fara zuwa Kano ba, gari duk ya ɗauki zumuɗi, kowane saurayi yana ganin in bai je bakin tasha ba an bar shi a baya.

A shekarar da na auri uwarku Hajara, Baba ya yanka mini gayauna, wato 'yar gonar da zan noma wa kaina in an tashi daga aikin gandu. Wani tsohon fegi ne namu can wajen gindin Goron Dutse, ƙasa mai tsakuwa, ta gaji tun zamanin kakanni. Ranar da ya nuna mini iyakarta ya tsaya ya dube ni.

"Wurin nan akwai ƙuduji," in ji shi. "Ka sa gyaɗa ko auduga shekara biyu ko uku, ba ya kama su. In ka ƙi ji ka sa dawa, to ga sharaɗi. Ka cire shi tun bai yi fure ba, ka tara a tsakiyar gona ka ƙone. Ko tsinke ɗaya kada ya fita daga fegin nan."

Na ce to. Da ruwa ya sauka na shuka dawa. Ango ne ni, ina so amarya ta ga rumbun mijinta a tsaye, ba buhun gyaɗa ba, don a idonmu na lokacin magidanci da rumbunsa ake saninsa.

Bari in gaya muku mene ne ƙuduji, tunda yawancinku a kasuwa kuke ganin dawa. Wasu suna ce masa wuta-wuta. Harkiya da ƙarangiya, har tofa mai taurin kai, duk a fili suke faɗa da kai, ka gan su ka sa musu fartanya. Shi ba haka yake ba. A ƙarƙashin ƙasa yake kama saiwar dawa yana tsotsa, kafin ya leƙo waje ya riga ya yi rabin ɓarnarsa. Sai ka ga ana tsakiyar marka, ƙasa sharkaf, amma dawa ta tsaya cak, ganye ya yi ja kamar an bi ta da wuta. Daga baya ya fito siriri, ya yi fure ja mai ɗan shuɗi-shuɗi, kyakkyawa kamar ba shi ya yi aikin ba. Irinsa ya fi garin taba laushi, kuma yana iya kwanciya a ƙasa shekara da shekaru yana jiran ranar da za a kawo masa dawa.

Ya fito a gayaunata kamar yadda Baba ya ce. Da fari na cire, na ƙone, na ji daɗin kaina. Ana nan sai wani Balarabe ɗan kasuwa a cikin gari, wanda kayansa da suke zuwa a raƙumi yanzu suka koma zuwa a jirgi, ya nemi masu jakai su riƙa ɗauko masa dila daga tasha. Ina da jakai biyu. Da an tashi daga gandu, maimakon in nufi gayauna sai in nufi tasha. Kullum ina cewa gobe na je na cire. Goben nan ta yi yawa. Daga nan aka ce akwai kaya zuwa Bichi, na roƙi Baba ya bar ni tunda an gama maimai, wato noma na biyu, na tafi da niyyar kwana huɗu na yi goma sha biyu, don daga Bichi na ji ana cin wata kasuwa a gaba na ce sai na gan ta. Da na dawo na leƙa gayauna, furen ya riga ya bushe, 'ya'yan sun ƙosa, dawar kuwa ko dami uku ba ta yi ba.

Da kaka na sare komai, kara da ciyawa da ƙudujin, na tara a tsakiyar gona zan sa wuta. Ina riƙe da ƙyastu na tsaya ina kallon tarin. Ga jakai biyu, ga awakin da Hajara ta zo da su, ga rani yana tafe, harawa kuwa ta yi tsada. Na ce a raina wannan ai asara ce, abin da ya bushe ƙayau me zai iya yi wa mutum? Sawu huɗu na yi da jaki na kwashe shi tas. Na shigar ta ƙofar baya inda dabbobi ke shiga, na jibge a turken da ke bayan ɗakina. Baba ba ya taka sashenmu saboda kunyar suruka, don haka na san ba zai gani ba. Dabbobi suka ci na ci, suka tattake sauran ya zama shimfiɗarsu. Bayan kwana biyu muna zaune a zaure ya tambaye ni.

"Ka ƙone abin nan?"

"Na ƙone, Baba."

Bai sake tambaya ba, don ban taɓa yi masa ƙarya ba kafin ranar. Ana cewa ƙarya fure take ba ta 'ya'ya. Tawa dai ta yi 'ya'ya, har da jikoki.

Kun san yadda ake yi da rani a birnin nan. Kowane gida yana kwashe takin turkensa da toka da shara a cika mangala, jakai su yi ta safara zuwa gona, a zuba tsibi-tsibi a bari sai ruwa ya kusa a baje. Takin turkena a shekarar ya fi na kowa kyau, baƙi wuluk, har ina yi wa mutane burga da shi. Baba ya damƙa ya sansana ya ce madalla, a kai shi gefen gamba, tunda can ne ya yi nisa da gawo, ya fi bukata. Ni na ɗora, ni na kora jakin, ni na juye. Wallahi ko sau ɗaya ƙuduji bai faɗo mini a rai ba. Na manta da shi kamar yadda ake manta tuwon jiya.

Damina ta yi kyau, muka shuka dawa, irin ƙaura. Har aka yi maimai ba abin da ya nuna. Sai dawar gefen gamba ta tsaya, sauran gona tana tafiya ita tana nan. Wata safiya Baba ya durƙusa ya tona gindin wata, ya ɗago saiwar ya duba, sai ga ƙuduji manne da ita. Kafin sati biyu gefen nan duka ya yi ja da fure, tun daga bakin hanya har kusa da ganuwa. Gonar da tun zamanin kakanmu ba a taɓa ganin ƙwaya ɗaya a cikinta ba. Abin da ya ƙara ɓata lamarin, a shekarar Baffa ya bi yayi ya shuka gyaɗa a gonarsa gaba ɗaya, don an ce kantunan Turawa suna saye. Sai ga tamu ja har jikin gamba, tasa kuwa taku ɗaya a tsallake koriya shar. Masu wucewa suna tsayawa suna riƙe baki.

Muka shiga cira, ni da Baba, daga safe har la'asar. Ka cire yau, jibi wani ya fito. Baba ya daina cin abinci sosai, yana ta juya abu ɗaya: ta ina ya shigo? A nan Goggo Dije ta kwance bakin zanenta.

"Yaya, ciyawa ta san iyaka ne? Ta zo jikin gamba ta yi sallama ta koma?"

"Ke Dije, ki iya bakinki. Ƙuduji ba ya kama gyaɗa, kowa ya sani."

"To ai shi ne. Shekara nawa Iro yana shuka dawa a wurin? Me ya sa sai bana ya sauya? Ya san abin da ke tafe. Ka manta wanda ya ce ka shanye romo?"

Baba ya kore ta ranar. Amma magana in ta shiga kunne ba ta fita da kora. Ta yi ta yi, safe da yamma, har ta samo wani mai duba ya zo ya zaga gonar, ya ce a tona gindin gamba. Aka tona aka sami ƙahon rago. Yanzu ku gaya mini, gonar da aka shekara hamsin ana zuba mata sharar birni, ina ne za ka tona ka rasa ƙaho ko ƙashi? Amma mai neman dalili ko tsinke ya samu ya isa.

A cikin kwanakin nan ne uwarku ta kira ni bayan ɗaki da hantsi. 'Yar manoma ce daga Ƙofar Ruwa, ta san gona. Wasu ƙwayoyin dawa da suka zube a gefen turke sun tsiro da ruwan sama, a gindin ɗaya kuwa ga ƙuduji ya yi fure, a cikin gidanmu, inda ba wanda ya taɓa noma. Ta nuna mini da yatsa. Na fita ko hula ban ɗauka ba na tafi gandu, na tsaya daga bakin hanya na duba da kyau. Sai a ranar na ga abin da ke gabana tun farko. Ba a shimfiɗe yake ba, kewaye-kewaye ne kamar faifai, kowane ɗaya a daidai inda na juye mangala. Na dawo na tuge na bayan ɗaki na cusa a murhu.

"Ƙone wannan ba zai ƙone wancan ba," in ji Hajara. "Ka je ka faɗa wa Baba yanzu, tun ba a kai inda ba a dawowa ba."

Na ce zan faɗa, bari ransa ya ɗan huce. Tsoro ne, ba wani abu ba. Ba dukan Baba nake tsoro ba, na wuce duka. Bakinsa nake tsoro. Mutumin da ya ja mini kunne da bakinsa, na dube shi na ce na ƙone, ga rabin abincin gida ya tafi, in ya buɗe baki a cikin wannan fushi ya ce Allah ya tsine, ina zan sa kaina? Na kasa zaune na kasa tsaye. In an ambaci ƙuduji a zaure sai in tashi in ce zan duba jakai. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as.

Ran nan bayan la'asar muna cira, Baffa ya tsallako gamba da fartanyarsa zai taya mu, kamar yadda ya saba tun da abin ya fara. Baba ya miƙe ya zaro ƙahon daga aljihu.

"Iro, mene ne wannan?"

"Ƙahon rago ne, Yaya."

"A iyakarka aka tono shi."

"Iyakarmu dai."

Baffa ya dubi ƙahon, ya dubi gonar, sannan murmushin ya bar fuskarsa.

"Yaya, ni kake tuhuma?"

"Ban ce kai ne ba. Ɗana ya ce mini ya ƙone nasa, ba wanda ya shigo da kara gonar nan, ban san ta inda ya zo ba. In ba ka da hannu, ka rantse hankalina ya kwanta."

Ina tsugune tsakanina da su bai fi taku biyar ba, hannuna cike da ƙuduji. Kalma uku ta isa: ni na kawo. Na sunkuyar da kai na ci gaba da cira.

Washegari a ƙofar gidan mai unguwa aka yi zaman rantsuwar, a gaban dattawa da duk wanda ya ga dama ya tsaya. Mai unguwa ya yi ta ba Baba baki ya bar maganar, 'yan'uwa ba sa haka, Baba ya ce shi dai a yi. Baffa ya yi alwala a hankali, ya zo ya dafa Alƙur'ani, ya rantse bai binne komai ba, bai sa an binne ba, bai taɓa nufin gonar ɗan'uwansa da sharri ba. Da ya gama ya sa takalmansa ya tafi, bai yi wa kowa sallama ba. Ni ina cikin taron, a baya, ina jin kamar ƙasa ta tsage in shige. Ranar da magariba akushinsa bai zo zaure ba, Baba ya ci loma biyu ya ture kwanon.

Rantsuwar ma ba ta wanke shi ba. Da kaka zazzaɓi ya kwantar da shi, irin wanda ke kwantar da kowa a lokacin, sai aka ce ga shi nan, rantsuwa ta kama shi. Yara suka daina shiga gidansa, mata suna janye 'ya'yansu in ya wuce. Da ya warke ya cire gyaɗarsa, ya ba wani aron gonar, ya kwashe iyalinsa ya koma ƙauyen matarsa a hanyar Gwarzo. Mutumin da aka haifa a Dukawuya, aka binne cibiyarsa a gidan da nake kwana.

Ni kuma na yi abin da na iya, na gudu. Na ce fatauci zan tafi. Na kora jakai na bi ayari, Katsina, Damagaram, duk inda aka ce akwai kasuwa. Ba riba nake nema ba, wurin da zan zauna in ji daidai nake nema, ban kuwa samu ba. In mun sauka a zango ni ne mai cewa a tashi. Abokan tafiya har suna tsokanata wai ko aljani ne ya aure ni. Wata huɗu na yi, na dawo da bazara na tarar Hajara ta tafi gidansu haihuwar fari, ta haifi yayanku Lawal. Aka ce mini ranar suna Baba ya hana a kai goro ƙauyen Baffa.

Arba'in ta cika, aka aika a dawo da mai jego, aka ce ta ce ba yanzu ba. Aka sake aikawa, haka. Na cire kunya na tafi Ƙofar Ruwa da kaina, na tsaya a soro. Ta zo ta tsaya daga bayan ƙyaure, ina jin motsin jaririn a bayanta.

"Ba wanda ya yi mini laifi a gidanku," ta ce. "Amma ina zan kai yaron nan? Gidan da ubansa ya tsaya yana kallo tsoho ya dafa Alƙur'ani a kan laifinsa? Na rufa maka asiri shekara guda, ko uwata ban gaya wa ba. Na gaji. Ka faɗa, in dawo gobe. In ba za ka iya ba, ka bar ni a nan."

Na yi fushi, ba zan ɓoye muku ba. Na fito ina cewa mace ce za ta kafa mini sharaɗi? Na zaga ta Kurmi, na fita Ƙofar Mata, na dawo, ƙafata ta yi ta kai ni wuraren da ba ni da abin yi. Da na gaji da zagaye na ga ba sauran inda zan je, sai na nufi gandu. Allah ya ji ƙan uwarku, ta fi ni ƙashin arziki.

Na sami Baba shi kaɗai yana shara a gefen gamba, ya rame, gemunsa ya ƙara fari. Na tsuguna na faɗa masa duka, tun daga ƙyastun da ban ƙyasta ba har furen bayan ɗaki. Ina jiran tsinuwa. Ya dogara da fartanya ya dube ni.

"Ka ce mini ka ƙone."

"Na ce, Baba."

"A kan maganarka na sa ƙanena ya rantse a gaban mutane."

Bai zage ni ba, bai tsine ba, kuma da ya yi da ya fi mini sauƙi. Cewa ya yi in je in ɗaura wa jaki akumari. Ko gida bai shiga ya sauya riga ba, muka fita ta Ƙofar Dukawuya da rana tsaka.

Mun isa bayan la'asar. Baffa yana gyaran darni a ƙofar gidansa, ya gan mu ya ajiye, ya yi mana maraba, ya sa aka shimfiɗa sabuwar tabarma, aka kawo ruwa da fura, ya ce a kama kaza. Irin karɓar da ake yi wa baƙon kirki. Baba ya ce ba ci ya kawo mu ba, ya ce in maimaita abin da na faɗa masa. Na maimaita, kaina a ƙasa.

"Na sani," in ji Baffa. "Ina bayan gidana ranar da kake shiga da shi ta ƙofar baya. Sawu huɗu. Na ga kawunan a jikin karan. Na so in yi maka magana, na ce yaro ne ango, kada in kunyata shi, ashe kuskure na yi."

Baba ya ɗago. "Ka sani, Iro? Me ya hana ka faɗa?"

"Ka tambaye ni ne? Da ƙaho ka zo. Da ka ce Iro, ta ina kake ganin abin nan ya shigo, da mun zauna mun gano, mu san yadda za mu yi da yaron ba tare da ka yi masa baki ba. Amma mutumin da muka sha nono ɗaya, in har sai na kawo masa shaida kafin ya yarda ban jefe shi ba, to shaidar me za ta gyara?"

Abin da ban taɓa gani ba na gani ranar. Baba ya sauka daga tabarma ya zauna a ƙasa a gaban ƙanensa, ya roƙe shi ya yafe masa don Allah, ya dawo gida, in yana so ya ɗauki ɓangaren gawon duka. Baffa ya yi sauri ya kama hannunsa.

"Tashi, Malam, kada ka yi haka. Na yafe maka duniya da lahira, kai ma Garba na yafe maka. Zancen komowa kuwa a bar shi. Na riga na yi shara a nan, ƙasar tana da kyau."

Muka kwana, da safe ya rako mu har bakin rafi, ya sa wa jakin ƙunshin daddawa a kai wa mata. Baba ya ƙi hawa, da ƙafa ya taho, ni ina biye da jaki. Muka yi ta tafiya har muka hango ganuwa. A nan ya tsaya kamar mai gyara takalmi.

"Garba, ka ji abin da ya kira ni?"

"Na ji, Baba."

"Tun bakinsa bai iya magana ba yake ce mini Yaya."

Ya share fuskarsa da hannun riga, muka shiga gari.

Ranar Juma'a Baba ya tsaya a ƙofar gidan mai unguwa, inda aka yi rantsuwar, ya sa na faɗa da bakina a gaban dattawa. Maza suka ji. Goggo Dije kuwa ta ce Garba ya ɗauki laifi ne don ya rufa wa Baffansa asiri, kuma tata ce ta shiga ɗakunan mata ta zauna. Uwarku ta dawo washegari kamar yadda ta ce. Gefen gamba muka hana shi dawa, shekara uku auduga da gyaɗa, muna loda masa taki mai tsabta, sannan muka dawo da dawa kaɗan-kaɗan. Duk wanda ya leƙo mu tuge shi tun bai yi fure ba, mu ƙone a wurin, ni da kaina nake tsayawa sai ya zama toka. Ban sake tafiya ko Bichi ba in dawa tana gona. A shekara ta bakwai muka ci ƙarfinsa, gonar ta dawo kamar ba a yi ba.

Baba ya yi shekara goma sha ɗaya a duniya bayan tafiyar nan. Duk sallah yakan aika wa Baffa da goro da turmin atamfa, Baffa ya aiko da kaji da gaisuwa mai kyau. In an yi rasuwa sukan haɗu, su gaisa, su tambayi iyali. Kowane karo ina ganin Baba yana karkata kunne in Baffa zai buɗe baki. Har ya koma ga Allah bai sake jin an kira shi Yaya ba.